Karan Dafi: Yadda Darajarsa Ta Riƙa Sauyawa a Idon Masu Auna Shi

Kudancin Jihar Jigawa, daga Birnin Kudu zuwa Gwaram da Basirka, ƙasar dawa ce, kuma a irin wannan ƙasa ana auna dawa da nauyin zangarniya da cikar rumbu. A bisa wannan ma'auni karan dafi ba ya cin jarrabawa, domin tsabarsa ba ta taka kara ta karya ba. Amfaninsa yana cikin jan ɓawon da ke rungume da kara, wanda dukawa ke dakawa su jiƙa da ruwan toka ko kanwa, su rina fatar da majema suka jeme da bagaruwa. Shi ya sa manomi kan ba shi gefen gona kawai.

Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ga abin ta fuskar ciniki. Ya ambaci jajayen fatu da aka rina da ruwan karan dawa cikin hajojin da ake kaiwa har Tarabulus. A wancan zamani Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin Masarautar Kano, shekaru 140 kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Abin takaicin shi ne, fatar kan isa Turai ta hannun fataken Arewacin Afirka, sai ta shiga cikin abin da ake kira fatar Maroko. Yabo ya tafi ga mai tallar kaya, an bar badukun da ya rina da manomin da ya shuka.

A farkon ƙarni na 20 masu yi wa littattafai bango a Ingila, irin su Douglas Cockerell, sun fifita jar fatar akuya da ake samowa daga wannan nahiya saboda ƙarkonta. J. M. Dalziel kuwa, likitan mulkin mallaka mai nazarin tsirrai, ya sanya karan dafi cikin sunayen tsirran Hausa da ya tattara a 1916. Sai dai a daidai lokacin ne kasuwar ta juya masa baya. Jirgin ƙasa ya iso Kano, kamfanonin Turawa suka fi son ɗanyar fata busasshiya, galura kuma, wadda aka fara haɗa irinta a Ingila a 1856, ta zo da araha da sauƙin aiki. Baduku bai ƙi launin kakanninsa don ya raina shi ba. Lissafin kuɗi ne ya rinjaye shi.

Masana kimiyyar abinci na yau sun sake ɗaga darajarsa. Sun gano cewa ɓawon yana ɗauke da sinadarin afijeninidin mai yawa, launin da ya fi na yawancin furanni da 'ya'yan itatuwa jure zafi. Da ma mutanen Gana suna dafa shinkafa da wake da shi, a Binin ana rina cuku da shi, a ƙasar Hausa kuma ana jiƙa shi a sha da nufin ƙarin jini, ko da yake wannan da'awa tana buƙatar gwajin asibiti mai zurfi.

Irin karan dafi gado ne da ke hannun manoma, daga damina zuwa damina. Idan magidanci a Basirka ya daina ware masa kunya biyu ko uku, irin gidansa kan ƙare cikin 'yan shekaru.