Massassarar cizon sauro: ƙwayar cuta mai sauya karatu don tsere wa magani

Duk shekara, da zarar damina ta kankama, likitocin Magaria da Dungass, cikin jahar Damagaram, sukan cika da yara masu fama da massassarar cizon sauro da tamowa. A 2018, ƙungiyar MSF, wadda ke aiki a Magaria tun 2005, ta sanar da cewa a tsakiyar daminar bara-gurbin nan kimanin yara 10 ke rasuwa kowace rana. Abin dogaro a yau shi ne magungunan da ke ɗauke da artemisinin, waɗanda ake sha kwana uku. Sai dai masana sun gano wata dabarar da ƙwayar cutar ke yi musu.

Kowane mai rai yana ƙera furotin ne da tubala iri 20, bisa wani umurni da ke zuwa a rubuce, harufa uku-uku. Akwai ɗan dako mai suna tRNA, wanda ke karanta harufan ya kawo tubalin da ya dace. Bayan an ƙera ɗan dakon, akan liƙa masa wasu ƙananan sinadarai, musamman a gefen da yake karatu da shi, kuma an san kusan iri 100 daga cikinsu. Su ne ke daidaita karatun. In suka yi ƙaranci, sai aikin ya yi nawa ko a ɗora tubalin da ba shi ba, furotin ya fito a karkace.

A 2024, masanan jami'ar Columbia ta Amurka da abokan aikinsu suka nuna, a ɗakin bincike, cewa ƙwayoyin da suka fara jure wa artemisinin sukan rage ɗaya daga cikin sinadaran nan in magani ya taɓa su. Da haka suke sauya yawan furotin iri-iri da suke ƙerawa, wasunsu su kai labari.

An fara ganin wannan juriya a Kambodiya, daga baya aka tabbatar da ita a Ruwanda, Uganda da Eritriya. Manya ba su manta yadda nibakin ya daina aiki ba. Ɗan kasuwar da ke sayar da magani ƙwaya-ƙwaya, da uban da ke tsayar da shi ranar da jikin yaro ya yi sanyi, duka suna ba masu juriyar damar yaɗuwa. A yi awon jini tukuna, sannan a cika kwana ukun.