KOFI A HANNU, KUKA A ZUCI: Labarin Yannick Noah Da Jar Ƙasar Faris

Mun san wani zai ce, me ya haɗa mutanen Managil da wasan tanis, mu da ba mu san wata ƙwallo ba sai ta ƙafa, wadda yaranmu kan buga bayan la'asar, rabi na Hilal rabi na Marikh? To, a yi haƙuri a bi mu zuwa ƙarshe. Labari ne na wani yaro da ya bar gida yana da shekara 12, ya je ya yi abin da duniya ta tafa masa, sa'an nan ya fito ya faɗi abin da ya same shi bayan an gama tafin. Mu da kullum muke sallamar 'ya'yanmu zuwa karatu da neman abinci a nesa, wannan labari namu ne.

FILIN JAR ƘASA

Shi dai tanis, mutum biyu ne kan tsaya, da raga a tsakaninsu, kowa da raket a hannu, suna buga wa juna 'yar ƙwallo, wanda ya kasa mayarwa ya yi asarar maki. Ana yinsa a kan ciyawa, kamar a Wimbledon ta Ingila, ko a kan daɓe mai tauri, ko kuma a kan jar ƙasa. Babbar gasar jar ƙasa ita ce ta Roland Garros da akan yi a birnin Faris na Faransa daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuni.

Jar ƙasar nan kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Garin jan bulo ne, irin wanda ake gasawa a bakin Nilul Azrak, akan niƙe shi a barbaɗa a kan daɓen farar ƙasa da tsakuwa, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba. Kullum sai an yayyafa masa ruwa an share, in ba haka ba iska ta kwashe shi. A kansa ƙwallo kan rage gudu ta yi tsalle sama, saboda haka bugun ƙarfi guda ɗaya ba ya kashe magana. Sai a yi ta musayar bugu sau 20 ko 30 a kan maki ɗaya, 'yan wasa suna sulɓi da ƙafa, safa da riga duk sun rine. Kuma ƙwallo kan bar tabo inda ta faɗi, in gardama ta tashi alƙali ya sauko daga kujerarsa ya duba.

Duk wanda ya taɓa noman hawasha a Jazira ya san halin irin wannan fili. Laƙar nan tamu da kan tsattsage da rani ta kama ƙafa da damina, ba a yi mata gaggawa. Sai ka jira ruwan tur'a ya iso, ka jira ƙasa ta sha ta tsane. Haka jar ƙasar tanis take, ta mahaƙurci ce.

YARO DAGA YAWUNDE

An haifi Yannick Noah ran 18 ga Mayu 1960 a garin Sedan na Faransa. Mahaifinsa Zacharie Noah mutumin Kamaru ne, ɗan ƙwallon ƙafa, wanda ya ci kofin Faransa da ƙungiyar Sedan a 1961. Mahaifiyarsa Marie-Claire Bafaranshiya ce, malamar makaranta. Da rauni ya raba uban da ƙwallo, sai ya kwashi iyalinsa ya koma Yawunde a 1963, can yaron ya tashi.

A 1971 shahararren ɗan tanis na Amurka, baƙar fata, Arthur Ashe, ya zo rangadi Afirka. A Yawunde ya ga wannan yaro ɗan shekara 11 yana buga ƙwallo, ya ga abin da wasu ba su gani ba, ya yi wa hukumar tanis ta Faransa maganarsa. Shekara na zagayowa aka ɗauki Yannick zuwa makarantar horo a birnin Nis, iyaye da 'yan'uwa suna can Kamaru. A dubi wannan da kyau: shekara 12, wato tsaran yaran da muke koyarwa a ajin ƙarshe na firamare, waɗanda har yanzu uwa ce ke tashinsu da asuba.

RANAR 5 GA YUNI 1983

Shekara 11 bayan haka, Noah ya kai wasan ƙarshe na Roland Garros, bayan ya kayar da Ivan Lendl a hanya. Abokin karawarsa shi ne Mats Wilander na ƙasar Suwidin, ɗan shekara 18, wanda ke riƙe da kofin tun 1982, kuma gwanin haƙuri ne, ya tsaya a baya ya yi ta mayar da ƙwallo har ka gaji ka yi kuskure. Noah ya san in aka shiga gasar haƙuri zalla ba zai kai labari ba. Sai ya riƙa lallaɓa wasa har ya ga kafa, sa'an nan ya ruga gaban raga ya kashe. Ya ci turmi uku a jere: 6-2, 7-5, 7-6.

Rabon da wani Bafaranshe ya ci wannan kofi tun Marcel Bernard a 1946, shekara 37 ke nan. Noah ya durƙusa a jar ƙasa, mahaifinsa ya diro daga wurin 'yan kallo, suka rungume juna suna kuka a gaban duniya. Faransa ta ce ɗanta ne, Kamaru ta ce nata ne. Har yau kuwa babu wani namiji Bafaranshe da ya sake cin ɗaya daga manyan gasa huɗu na tanis shi kaɗai.

BAYAN AN GAMA TAFI

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, a nan fuska ta yaudari mutane. Kowa na ganin saurayi ɗan shekara 23, ga kuɗi ga suna, ba ya iya taka titi sai an yanyame shi. Amma kafin shekarar 1983 ta ƙare, sai ya tara 'yan jarida ya shaida musu cewa ba ya jin daɗin rayuwarsa, yakan yi ta yawo shi kaɗai cikin dare a Faris yana kuka, har ya tsaya a kan gada yana duban kogin Sen, zuciya na raya masa ya faɗa. Ya ce zai bar Faris, ya kuwa bar ta, ya koma New York da zama inda ba a san shi sosai ba.

Daga baya ya sha komawa kan wannan magana, yana kiran abin da sunansa, wato ciwon damuwa mai tsanani. Abin da muka fahimta daga bayaninsa shi ne, tun yana yaro buri ɗaya ya sa a gaba, don shi ya bar gida, don shi ya haɗiye kewa. Ranar da burin ya cika sai ya waiwaya ya ga babu wani abu a gabansa, mutanen da suka kewaye shi kuma kofin suke gani, ba shi ba. A zamanin nan namiji, balle zakara, ba ya fitowa ya ce yana kuka. Shi ya fito ya faɗa, kuma a ganinmu wannan jaruntaka ba ta gaza ta ran 5 ga Yuni ba.

Bai sake cin wata babbar gasa shi kaɗai ba, ko da yake ya kai na 3 a duniya a 1986. Amma a lura da inda ya karkata. Ya zama jagoran 'yan wasan Faransa, suka ci Kofin Davis a 1991 da 1996 da 2017, kofin da ƙungiya ke ci, ba mutum ɗaya ba. A 1996 ya kafa ƙungiyar Fête le Mur don koya wa yaran unguwannin talakawa tanis. Ya kuma yi suna a waƙa. Da mahaifinsa ya rasu a 2017, sai ya ƙara kusantar Yawunde, ya karɓi sarautar gargajiya ta unguwarsu, Etoudi. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

ABIN DA YA SHAFE MU

Mu malaman makaranta mun san irin wannan rana. Sakamakon jarrabawar shahada ya fito, an kira sunan yaronmu, mata sun rangaɗa guɗa, an yanka rago, dattawa sun sa albarka. Bayan 'yan makonni a ɗora masa akwati a mota. A da Wad Madani ko Khartum ake nufa; tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kuwa, wasu sai Bur Sudan, wasu Masar, wasu Saudiyya. Daga nan kuma tambayarmu biyu ce: ya karatu, ko yaushe za ka aiko?

Muna tuna wani ɗalibinmu da ya zo na ɗaya a ajinsa tun daga farko har ƙarshe, ya sami jami'a, garinsu duka ya raka shi tasha. Shekara ba ta cika ba ya dawo, ya rame, ba ya magana. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. Sai da muka zauna da shi sau da yawa kafin ya buɗe baki. Ashe ba shi da wanda zai yi Hausa da shi, abokan ɗaki na yi masa ba'a da sunan Fallata, kuma yana jin in ya faɗi jarrabawa ɗaya ya kunyata gari guda. Wa zai gaya wa, alhali kowa na cewa ya ji daɗi? Alhamdu lillahi, da ya sami masu saurarensa, aka kuma kai shi ga likita, ya koma ya gama karatunsa.

Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa bisa hanyar hajji, da waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, sun yi tafiyar da ta fi wannan nisa. Amma a ayari suka yi ta, in dare ya yi akwai wanda za a yi hira da shi. 'Ya'yanmu na yau su kaɗai suke tafiya, kamar ɗan tanis a fili.

Saboda haka muna kira ga iyaye da 'yan'uwanmu malamai. In yaro zai tafi, a haɗa shi da wani namu da ke can tun kafin ya hau mota. In an kira shi a waya, a tambaye shi barcinsa da cin abincinsa da abokansa kafin a tambayi maki ko kuɗi. A gaya masa a fili cewa ko ya ci ko ya faɗi, ƙofar gida a buɗe take. In kuma aka ga ya yi shiru ya janye jiki, kada a tsaya zargin maƙiya, a yi addu'a a kuma nemi likita, don damuwa ciwo ce mai magani.

Manomin Jazira ya san ranar da aka ɗebe auduga ba ita ce ƙarshen aiki ba, washegari akwai karan da za a tuge da ƙasar da za a gyara. Mu ma mu riƙa komawa wurin zakarunmu washegarin guɗa, lokacin da baƙi suka watse. Allah Ya tsare mana zuri'a a duk inda suke, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.