Yadda Hoto Ya Sami Hanyar Bin Waya

Duk wanda ya kusantar da hular zanna ga idonsa zai ga cewa adon da ke jikinta ɗinki ne ƙanana ƙanana, kowanne da launin zarensa. To, haka hoto yake a fuskar kwamfuta: ɗigo ne birjik, an jera su layi layi, kuma na'urar tana adana launin kowane ɗigo a matsayin lamba. Muddin hoton yana zaune a kwamfuta guda, babu wata damuwa. Wahalar tana tasowa ne ranar da aka ce za a aika shi ga wata kwamfutar ta waya.

Bari mu yi ɗan lissafi, wanda malami zai iya bai wa ɗalibansa a allo. Hoto mai ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye yana da ɗigo 307,200. Kowane ɗigo yana bukatar lambobi uku, na ja da kore da shuɗi, kowace lamba kuwa tana cin bit 8, wato ƙwayoyin sifiri ko ɗaya guda takwas. Jimla bit 7,372,800 ke nan. A farkon shekarun 1990, na'urar modem mai kyau, wadda ke haɗa kwamfuta da layin tarho, tana tura bit 14,400 ne a daƙiƙa guda. Idan aka raba, za a sami daƙiƙa 512, wato minti takwas da rabi a kan hoto ɗaya tak, ga kuɗin tarho yana ta hawa.

Tun da faɗaɗa layin ba abu ne mai sauƙi ba, sai masana suka juya ga rage wa hoton nauyi. Bahaushe dai ya ce matsi shi ke sa kalangu zaƙi. A 1987 kamfanin CompuServe na Amurka ya fito da tsarin GIF, wanda ya taƙaita launuka zuwa 256, sannan yake lura da jerin ɗigon da ke maimaituwa ya ba kowane jeri gajeriyar lamba. Wannan matsin kamar danne auduga a buhu ne: in an kwance, audugar tana nan yadda take. Tsarin ya dace da taswira da zane, amma launi 256 ya yi wa fuskar mutum kaɗan.

Tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992, ya bi wata hanya dabam, kuma a ganina nan hikimar ta fi yawa, domin raunin idon ɗan Adam aka yi amfani da shi. Ido ya fi kula da haske da duhu a kan launi, saboda haka ana iya rage bayanin launi ba tare da mai kallo ya farga ba. Daga nan sai a yanyanka hoton gida gida, kowane gida ɗigo takwas a kwance takwas a tsaye, a bi shi da wani lissafi da ke ware babban fasali daga ƙananan kwazazzabai, a yi watsi da mafi yawan ƙananan. Nasir Ahmed, haifaffen Indiya, shi da abokan aikinsa biyu ne suka wallafa wannan lissafi a 1974, shekaru goma sha takwas kafin a gina JPEG a kansa. Ta wannan hanya hoto kan koma kashi ɗaya bisa goma na nauyinsa, minti takwas da rabi ɗin nan ya dawo ƙasa da minti guda. Sai dai wannan shanya kilishi ne: ruwan da ya fita daga naman ba ya komowa.

A 1993 aka saki manhajar Mosaic daga Jami'ar Ilinoi, wadda ke nuna hoto da rubutu a shafi guda, mutane kuwa suka yi wa intanet caa. Ba a jima ba rigima ta ɓarke: a ƙarshen 1994 aka sanar cewa kamfanin Unisys, mai haƙƙin mallakar dabarar matsin da GIF ke amfani da ita, zai riƙa karɓar kuɗi daga masu haɗa manhaja. Wasu masana suka haɗa kai suka ƙirƙiro PNG, aka tabbatar da shi a 1996, kyauta ga kowa, mai launuka miliyoyi, wanda ba ya zubar da ko ɗigo ɗaya.

Layukan yau sun ninka na wancan zamani sauri sau dubbai, amma waɗannan tsare-tsare uku suna nan cikin wayoyinmu, kuma bambancinsu yana shafar ɗalibi kai tsaye. JPEG ba ya shiri da gefe mai kaifi irin na harafi, shi ya sa ake ganin dishi-dishi a kewayen rubutu. Duk lokacin da aka gyara hoton aka sake adana shi, wani abu yana ƙara zubewa. Takardar sakamakon jarrabawa da aka yi wa haka sau da yawa tana iya isa ofishin ɗaukar ɗalibai da lamba 3 da ba a iya bambanta ta da 8.