Ogan Aiki Ba Likita Ba Ne, Amma Shi Ke Fara Gani

A masana'antun Bompai da Sharada da ke Kano, da tashoshin mota da wuraren gini, ma'aikacin da ya fara shan tiramadol ba ya kama da mai matsala. Shi ne ke sauke buhu bayan buhu ba ya cewa ya gaji, har oga ya riƙa nuna shi ga sauran. Sai tafiya ta yi nisa a fara ganin makara, da saurin fushi, da rance tun kafin wata ya raba, wata rana kuma ya faɗi yana farfaɗiya a gaban inji.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya a cikin shekara guda. Waɗannan shekarun neman abinci ne, don haka da yawansu akwai wanda suke aiki a ƙarƙashinsa.

Abu na farko da horo nagari kan wannan matsala ke koya wa oga shi ne iyakarsa. Jan ido da layi da nauyin baki suna iya zuwa daga ciwon sukari ko rashin barci, kuma jifan mutum da "ɗan ƙwaya" a gaban jama'a tabo ne da ba ya gogewa. Abin da ke hannunsa shi ne aiki: ranar da aka makara, kayan da aka ɓata, haɗarin da aka tsallake. Ya rubuta su da kwanan wata. Sannan ya keɓe da mutumin ya ce, "Malam, sau huɗu ke nan a watan nan, ba haka na san ka ba. Me ke faruwa?" Idan kuwa a buge yake a lokacin, ba a tsayawa zance: a janye shi daga inji ko sitiyari, a samu mai raka shi gida.

Daga nan magana ta koma ga masana, irin su asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Dawanau a Kano, ko sashen ba da shawara na NDLEA. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta wallafa a 1996 sun ce a ɗauki abin a matsayin lalurar lafiya, a kuma riƙe sirrin mai ita. Kora nan take tura matsalar ce kawai zuwa kamfanin maƙwabta.

Akwai kuma inda nake ganin horon ya kamata ya taɓa ogan kansa. Wanda ya ɗora wa direba Kano zuwa Legas da dawowa ba hutu, ko ya biya lebura bisa yawan buhu har tsakar dare, ya san ƙarfin ɗan Adam bai kai nan ba. Kafin ya binciki aljihun yaronsa, ya fara duba jadawalin da shi ya tsara.