Ba Ciki Ne Ya Kwanta Ba, Ba Kuma Sammu Ba Ne

Tsakar dare ne cikin hunturu, kowa a Boɗinga ya ƙudundune a bargo, ita kuwa uwargida ta yaye mayafi tana fifita da faifai, gumi ya jiƙe mata wuya. "Zahi nika ji, kamar an hura min wuta a ƙirji." Shekarunta 46. Al'adarta ta yi wata uku ba ta zo ba, sannan ta ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Maƙwabciya ta ce ciki ne ya kwanta. Ƙanwar miji ta ce hannun kishiya ne. Mai kemis kuma ya ƙulla mata maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, ba gwaji ba komai.

Irin wannan baiwar Allah tana nan a Sifawa, tana Dancaɗi, tana ƙauyukan Shagari, kuma galibi abin da ke damunta gabatowar ɗaukewar al'ada ne. Ƙwayayen haihuwar mace suna ƙarewa a hankali, sinadarin estirojin da ke tafiyar da al'ada sai ya riƙa hawa da sauka kafin ya ja baya. Daga nan ake samun zafin da ke tasowa farat ɗaya, gumin dare, rashin barci, faɗuwar gaba, mantuwa, saurin fushi, ciwon gaɓoɓi da bushewar gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu kan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55, rikicewar da ke gabaninta kuwa takan ɗauki shekaru. Ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur babu jini.

A lura da wannan wata 12 ɗin. Kafin cikarsa mace na iya ɗaukar ciki, kuma cikin bayan shekara 40 ya fi haɗari, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga. Gwajin fitsari na 'yan mintuna ya isa ya raba gardamar kwantaccen ciki. Bayan cikar wata 12 kuwa, duk jinin da aka gani, ko ɗigo ne a zane, ba al'ada ce ta dawo ba. Yana iya zama alamar kansar mahaifa ko ta bakin mahaifa, wadda take cikin kansar da ta fi kashe matan Najeriya.

A nan ne kunya ke yi mana ɓarna. Matanmu sun san hukuncin jini. A Islamiyya an koya musu cewa a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya haura jinin ciwo ne, a yi wanka a ci gaba da salla. Malam ya warware matsalar salla, amma ai sunansa jinin ciwo, ciwo kuwa likita yake nema. Jini mai gudaji, jinin bayan saduwa, ruwa mai wari, ko ɗaukewar al'ada kafin shekara 40, duk na zuwa asibiti ne. A fara da na kusa, ko babban asibitin Boɗinga; in abin ya fi ƙarfinsu su tura Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin mata da yara na Maryam Abacha.

Sai batun kayan mata, wanda mu Sakkwatawa muka yi suna a kai. Bushewar gaba a waɗannan shekaru daga raguwar sinadari take, fatar wurin ta yi laushi, matsin da ba a san haɗinsa ba sai ya ƙara mata rauni. Akwai man shafawa da likita ke rubutawa. Ƙashi ma yana rage ƙwari, don haka a riƙe nono da zogale da ƙananan kifi, a rage gishiri da dunƙule, a riƙa taka ƙafa.

Maigida, matar da ta haifa maka takwas ba yau ta koyi faɗa ba; barci ne ba ta samu. Ka ba ta izini da kuɗin mota, in da hali ka raka ta, a auna jininta da suganta.