2.4 Mantiƙin Fazi da Matsalar Rashin Tabbas Wajen Auna Haɗarin Girgizar Ƙasa

Rashin tabbas da ake fuskanta wajen auna haɗarin girgizar ƙasa ya kasu gida biyu. Na farko shi ne rashin sanin lokaci da wuri da ƙarfin girgizar da za ta auku, wanda ake magancewa da lissafin yiwuwar aukuwa, bisa tsarin da Allin Cornell ya gabatar a 1968. Na biyu kuwa ya samo asali ne daga kalmomin da masana ke amfani da su, kamar "ƙasa mai laushi" ko "kusa da tsagar ƙasa", waɗanda ba su da tsayayyar iyaka. Wannan kashi na biyu shi ne wannan sashe zai duba.

Muhimmancin laushin ƙasa ya bayyana a girgizar 19 ga Satumba, 1985. Duk da cewa cibiyarta tana da nisan fiye da kilomita 300 daga birnin Meksiko, dubban mutane sun rasu a birnin, kuma ɓarnar ta fi tsanani a unguwannin da aka gina bisa lakar tsohon tafki, domin lakar ta ninka ƙarfin jijjigar.

Saboda haka ne ake rarraba ƙasa aji-aji. Misali, dokar gini ta Amurka ta 1997 ta sanya saurin tafiyar girgiza na mita 360 a daƙiƙa, cikin mita 30 na saman ƙasa, a matsayin iyaka tsakanin azuzuwa biyu. Ke nan filin da aka auna 355 da wanda aka auna 365 za su faɗa aji daban-daban, alhali bambancinsu bai taka kara ya karya ba.

Mantiƙin fazi, wato mantiƙi mai hawa-hawa, wanda Lotfi Zadeh ya assasa a 1965, ya kauce wa wannan matsala. Maimakon a ce "i" ko "a'a", sai a ba fili daraja tsakanin 0 da 1. Daga nan sai a gina ƙa'idoji kamar haka: idan ƙasa tana da laushi, kuma tsaga tana kusa, to haɗari yana da yawa. A ɗauka cewa darajar laushin wani fili 0.7 ce, ta kusanci kuma 0.4. Tun da ana bukatar sharuɗɗan biyu tare, sai a ɗauki ƙaramar, wato 0.4, a matsayin ƙarfin ƙa'idar. A ƙarshe ana haɗa sakamakon dukkan ƙa'idojin a fitar da adadi guda da za a sanya a taswira.

Sai dai wajibi ne a lura cewa wannan hanya ba ta hasashen ranar girgiza, kuma ba ta maye gurbin lissafin yiwuwar aukuwa. Bugu da ƙari, masana ne ke tsara darajojin bisa gogewarsu, don haka dole a bayyana su a fili domin a iya tantance su, tun da a kansu ne ƙarfin gini da rayukan mazaunansa suka dogara.