Ƙunshi Ɗaya Domin Gidajen Linux Duka: Har Yanzu Da Sauran Magana

A cikin shekarar 2014, a wajen taron masu Debian da aka yi a birnin Portland na ƙasar Amurka, Linus Torvalds, wato mutumin da ya ƙago Linux a 1991, ya fito fili ya koka da cewa shirya wa masu Linux manhaja ya zama azaba. Hatta tasa manhajar ta masu nutso a teku, Subsurface, a wancan lokacin ana shirya wa masu Windows da Mac ita, amma ban da 'yan gida.

Dalili kuwa shi ne, tun da yake kowa na da izinin ɗaukar Linux ya gyara yadda ya so, sai ta rabu gida-gida. Debian da Ubuntu suna ƙunshe manhaja a tsarin deb, Fedora da Red Hat kuwa a na RPM. Bugu da ƙari, kowace manhaja tana dogara ne ga waɗansu ƙananan kayan aiki da take iskewa cikin kwamfuta, in ta iske waɗanda ba su dace da ita ba, sai ta ƙi tashi.

Dabarar da masana suka fito da ita ita ce a sallami manhaja da guzurinta, kada ta dogara ga masauki. To, amma ita ma dabarar sai ta rabu uku. AppImage, wadda ta samo asali a 2004, fayil guda ne, a sauke a kunna. Flatpak, ta Alexander Larsson, ta sami wannan suna a 2016, kuma tana killace manhaja don kada ta taɓa abin da ba a ba ta izini ba. Ta uku ita ce Snap, ta kamfanin Canonical mai Ubuntu.

Guzuri dai nauyi gare shi, wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa shi zai fi jin haka. Sai dai gardamar da ta fi zafi ita ce ta wa ke riƙe da mabuɗin rumbu. Kowa na iya buɗe rumbun Flatpak nasa, ko da yake Flathub ne ya fi jama'a, alhali kuwa rumbun Snap a hannun Canonical kaɗai yake. Wannan ne ya sa a 2020 masu Linux Mint suka toshe Snap a fitowarsu ta 20, sai wanda ya ga dama ya buɗe ta da hannunsa.